Ta Zo Kafin Ta Koma

Ku gafarce ni tun daga farko. Ban taɓa rubuta labari ba, karanta na mutane kawai na iya, kuma ko a aji malami ya kira ni sai muryata ta maƙale a wuya. Na san za a ce yarinya kamata ba ta isa ta sa baki a maganar manya ba. Haka ne. Amma a gabana aka yi abin, shi ya sa na yi ƙarfin hali. In kun ga kuskure nawa ne, kada ku ɗora wa Yaya.

Yaya ce babba a ɗakinmu, ni ce auta, shekara tara ne tsakaninmu. Sai da ta shekara shida da aure kafin ta samu ciki. Ta haihu ranar wata Talata da hantsi, a ƙaramin asibitin ƙaramar hukuma da ke bayan kasuwa, wanda ake awo da haihuwa da allurar yara. Mace ta haifa. Kafin la'asar an binne ta.

Kwana da kwanaki mata suna shigowa, kowacce da maganar da ake yi in jariri ya rasu: ashe ta koma, Allah ya sa mai ceto ce. Yaya tana zaune a bakin gado, ta ce amin, a fita, wata ta shigo. Ba ta yi kukan da aka zata za ta yi ba. Inna har tana yabonta wajen mutane, wai 'yar tata akwai tawakkali.

Ni aka tura na zauna da ita, ina shara da wanki. Mijin Yaya direban motar kwasar shara ne a ƙaramar hukuma, kuma aljihun rigar aikinsa ba abin da ba ya ciki, ƙusa, murfin biro, guntun waya. Dole sai na zazzage kafin in jiƙa. A mako na uku ne na zazzago wata 'yar takarda ruwan hoda, girmanta bai wuce tafin hannu ba, ta yi laushi saboda gumi. Ta asibiti ce. Akwai sunan Yaya, da ranar, da gurbi biyu a ƙasa. Na farko an rubuta "an haifa da rai", na biyu "ba a haifa da rai ba". A na biyun aka yi alama da shuɗin biro.

Da ina da wayo da na cusa ta cikin littafina. Sai na shanya ta a kan tebur, na danne da kofi don ta bushe, kamar yadda nake yi wa kowace takarda. Nan Yaya ta gan ta.

Ta karanta a tsaye. Ta zauna ta sake karantawa. Da mijinta ya dawo da yamma ta miƙa masa tun bai cire takalmi ba. Ya ce shi wallahi bai ma duba ba, biyu aka ba shi a asibiti, ya miƙa ɗaya ga mai kula da maƙabarta, ya sa ɗaya a aljihu. Ya ce takarda ce kawai, ba za ta dawo da kowa ba, ta bar ta. Yaya ta ce yarinyar ta yi kuka, da kunnenta ta ji. Shi bai ji ba, don lokacin yana can bakin juji da motarsa, sai da aka gama komai aka same shi.

Washegari Inna ta zo, aka sake maganar. Inna ta ce wahalar naƙuda ba abin da ba ta sa mutum ya ji, ita ma a haihuwar Yaya ta ji ana kiran sunanta alhali ba kowa. Ita dai ranar ta fita sayo sabulun da ungozoma ta ce a kawo, ba ta ji komai ba. Sai ta juyo ta dube ni.

"Ke Auta, ai kina wajen. Kin ji wani abu?"

Na ji. Ina tsaye a bakin tagar ɗakin haihuwar da butar ruwan zafi a hannuna, na ji ƙarara. Amma idon Inna ya riga ya faɗa mini amsar da take so. A ganinta in yarinyar ba ta taɓa numfashi ba, Yaya za ta fi saurin dangana. Ni kuma ban taɓa musa wa Inna ba tunda nake. Na ce ban sani ba, akwai hayaniya. Yaya ta kalle ni, ba da fushi ba, ta ninke takardar ta sa a ƙarƙashin matashi.

Daga ranar ta daina cewa amin in an ce ta koma. Sai dai ta gyaɗa kai.

Ranar Litinin da safe ta ce in sa takalmina, in raka ta sakatariya, tunda ni ce mai son takardu. Ban taɓa shiga wurin ba. Dogon gini ne mai baranda, ƙofofi jere, kowace da lamba da ɗan allo: ruwa da tsafta, kasuwa, filaye, lafiya. Mutane sun cika barandar, wasu da fayil a hammata, wasu sun zo ne kawai su fake wa rana. Ɗaki na huɗu ne na rajistar haihuwa da mutuwa. A ciki akwai benci ɗaya, da fanka mai fiffike biyu tana juyi kamar ba ta so, da kabad ɗin ƙarfe da ba ya rufuwa sai an tokare shi da kujera. A kan teburin akwai manyan littattafai biyu, kore da baƙi.

Magatakardan dattijo ne siriri, kowa Baba Rajista yake ce masa. Akwai shi da barkwanci. Muna zaune a benci wani mutum ya zo yi wa tagwaye rajista, ya manta wanda ya fara fitowa, Baba ya ce ya koma gida ya tambayo, kada nan da shekara ashirin a zo ana dambe a kan girma a ce shi ya haddasa. Wata tsohuwa ta faɗo ɗakin tana faɗa a kan kwatar unguwarsu da ta toshe. Ya bar ta ta kai aya, sannan ya ce ɗaki na ɗaya za ta je, nan sai kwatar ta kashe wani tukuna. Aka yi dariya har da tsohuwar. Ya ce wa na kusa da shi, shi fa ba wanda ya kai shi sanin mutanen garin nan, sau biyu kowa yake zuwa teburinsa, kuma duk biyun ba wanda ke iya gaishe shi.

Da layi ya zo kanmu Yaya ta gaishe shi ta ajiye takardar. Ya ɗauka da murmushinsa, ya duba, murmushin ya tafi. Ya yi mata gaisuwa a hankali, ya tambayi abin da take bukata. Ta ce takardar haihuwar 'yarta.

Ya cire tabarau ya yi mata bayani, ba gaggawa. Koren littafin na waɗanda suka zo da rai ne, baƙin na waɗanda suka tafi. Wanda bai zo da rai ba ba ya shiga ko ɗaya. Asibiti ne ke ƙirga su a jerin da take aikowa kowane ƙarshen wata, a ce wannan watan guda kaza, shi ke nan, ba suna ba komai.

"Baba," in ji Yaya, "mako uku ke nan duk wanda ya shigo sai ya ce mini ta koma. Wanda bai zo ba, ina zai koma?"

Baba ya ɗago ya dubi Yaya, ya tambaye ta.

"Ta yi kuka, 'yata?"

"Ta yi."

Ya daɗe yana jujjuya takardar. Ya ce shi ya yarda da ita, amma yardarsa ba ta shiga littafi. Abin da ungozoma ta yi wa alama shi yake kwafa, shekara talatin bai taɓa ƙara ko ɗigo daga kansa ba, ranar da ya fara kuwa littafin ya tashi daga aiki. Hanya ɗaya ce: wadda ta yi alamar ta soke da hannunta, ta gyara, ta sa hannu da hatimin asibiti. Kuma a yi kafin Alhamis, don ranar jerin wata ke zuwa, in ya buga masa hatimi ya wuce hedikwata sai dai kotu. Ya ƙara da cewa in an gyara a zo da uban, shi ma zai sa hannu.

 A hanyar gida ina ta lissafa tubalan gefen titi.

Talata muka je asibitin, ashe ranar allurar yara ce. Ban yi tunanin haka ba, da na ce mu bari sai Laraba. Bencina sun cika da mata da jarirai, ana rataya su a ma'auni ɗaya bayan ɗaya kamar kayan miya, wannan na tsala ihu wancan na karɓa. Ba wurin zama sai tsakiyarsu. Wata mai fara'a ta matsa wa Yaya, ta tambaye ta ina nata, ko an bar shi gida ne. Yaya ta ce eh. Can na ga gaban rigarta ya jiƙe, ruwan nono ne ya zubo saboda kukan yaran mutane. Ta ja mayafi ta rufe, ta ci gaba da kallon bango inda aka manna hoton yadda ake wanke hannu.

Sai bayan azahar aka sallami na ƙarshe. Ungozomar doguwa ce mai furfura a goshi, ta fi shekara ashirin a asibitin, Inna ta ce ita ta karɓi haihuwata. Sista ake kiranta. Muka same ta a ɗan ofishinta ta cire takalmi ta ɗora ƙafa a kan kwali, tana cika katunan allura. Ta gane Yaya nan take. Ta sauke ƙafar, ta yi mata ya jiki, ta tambaya ko jinin ya tsaya.

Yaya ta ajiye takardar a kan katunan, ta faɗi abin da ya kawo mu.

Sista ba ta yi faɗa ba. Ta tashi ta tura ƙofa, ta dawo ta zauna. Ta ce haka suka tarar ana yi tun kafin ta zo: in jariri bai kai awa ɗaya ba, gurbi na biyu ake yi wa alama. Don iyaye ake yi. In ta rubuta da rai, sai uban ya je sakatariya ya bi layin haihuwa, ya sake bin na mutuwa, kafin mai maƙabarta ya karɓa, gawar 'yar mitsitsiya tana kwance tana jira, wani lokacin har ta kwana. Da wannan kuwa takarda ɗaya ce, a binne kafin rana ta faɗi, uwa ta koma gida ta huta. Ta ce ba ta ɓoye mana, su ma yana rage musu, don in an rubuta da rai sai ta yi rahoto shafi huɗu, mai duba aiki ya zo daga sashen lafiya ya yini yana tambaya. In kuma ta soke yanzu, tambayar da zai fara yi ita ce guda nawa ta yi wa haka a baya.

"A shekara ashirin ba uwar da ta taɓa dawo mini da takardar nan," in ji ta. "Ke ce ta farko."

"Wataƙila ba su karanta ba, Sista."

"Wataƙila." Ta murza idonta. "Ki yi haƙuri da abin da zan faɗa. Kin zubar da jini sosai ranar, ba kya cikin hayyacinki. Ni da ke ne kawai a ɗakin. In na ce ba ta yi kuka ba, wa zai ce ta yi?"

Ba da mugunta ta faɗa ba, kamar mai neman a rufe mata ƙofar da take tsoron shiga ne.  Yaya ba ta ko waiwayo ni ba, ta riga ta cire rai da ni, kuma wannan ya fi mini ciwo a kan ta zage ni. 

"Ni na ji," na ce. Muryar ta fito 'yar ƙarama, sai da na maimaita. "Ina bakin taga da butar ruwan zafi. Sau biyu ta yi. Na biyun bai kai na farko tsawo ba."

Yanzu kam Yaya ta juyo. Na kasa haɗa ido da ita, na kalli kwalin da ke ƙasa.

 A waje ana jan bencina ana shara. Sista ta ɗauki biro, ta cire murfin, ta mayar.

"Sau uku ne," in ji ta. "Na ukun a hannuna ta yi, a ɗakin can, ina ƙoƙarin buɗe mata hanci. Ba ku ji shi ba, ƙarami ne." Ta dubi Yaya. "Ta kai minti goma sha biyar. Ta buɗe ido ɗaya. Gashi gare ta sosai, irin naki."

A nan ne Yaya ta yi kukan da ba ta yi ba mako uku. Ba ta ɗaga murya ba, ta dai kifa kai a kan teburin, kan katunan yaran mutane, kafaɗunta suna girgiza. Sista ta janye katunan a hankali don kada su jiƙe, ta bar hannunta ɗaya a bayan Yaya. Da ɗaya hannun ta ja layi a kan gurbi na biyu, ta yi alama a na farko, ta rubuta lokacin haihuwa da lokacin rasuwa a gefe, ta sa hannu. Hatimin ya bushe, sai da ta huhhura masa iska ta danna da ƙarfi. Ta ce mai duba aiki ya zo, dama ta gaji.

A hanyar gida na ce wa Yaya ta yafe mini. Ta ce in yi shiru, in kula da mota. Amma ta riƙe hannuna muka tsallaka titi, kamar lokacin da take kai ni makaranta.

Laraba da rana muka koma ɗaki na huɗu. Mijin Yaya ya ce zai same mu a can in ya sauke kaya. Ban ɗauka zai zo ba, sai ga motarsa ta shigo harabar tana ƙara. Ya tsaya a famfon baranda yana wanke hannu, ya wanke ya sake wankewa har na bayansa ya tambaye shi ko tiyata zai shiga. Ya shigo da hularsa a hannu, ya zauna a gefen Yaya, ya bar ɗan fili tsakaninsu saboda warin aiki. Ita ta matsa ta cike filin.

Baba Rajista ya duba takardar gaba da baya, ya duba hatimin a hasken taga. Bai yi wasa ko ɗaya ba ranar. Ya jawo koren littafin, ya buɗe inda ya tsaya, ya ɗauko alƙalaminsa mai tawada, don ya ce biro ba ya shekara hamsin. Ya rubuta lamba, da rana, da wuri. Mace. Ya tambayi suna, Yaya ta faɗa masa wanda ta daɗe da tanada, mijinta ya gyaɗa kai. Ya rubuta sunan uwa da na uba, a gurbin sana'a ya sa direba. Rubutunsa mai kyau ne, a tsaye, ba ya taɓa layi. Suka sa hannu. Ya cika takardar haihuwa, fara mai ratsin kore a gefe, irin ta kowa, ya buga hatimi ya miƙa wa Yaya da hannu biyu.

Sannan ya miƙa hannu wajen baƙin littafin.

"Baba," in ji Yaya, "ka ɗan dakata. Tawadar ba ta bushe ba."

Akwai takardar tsotse tawada a gabansa, ina ganinta, shi ma yana ganinta. Ya janye hannunsa. Ya ce gaskiya ne, tawadar bana ba ta da kyau, tana daɗewa. Ya tashi ya leƙa baranda ya ce wa masu jira su yi haƙuri, an tafi hutun rabin awa. Wani ya fara gunaguni, wai yanzu fa aka dawo daga hutu. Baba ya ce to an sake tafiya, ya turo ƙofar ya bar ta a ɗan buɗe saboda zafi.

Ya koma kujerarsa ya harɗe hannu. Koren littafin yana buɗe a tsakiyar tebur, layin ƙarshe yana ƙyalli. Yaya ta ɗora takardar a cinyarta, mijinta ya sunkuyo yana bin haruffan da yatsa ba tare da ya taɓa su ba, tana karanta masa a hankali. Baƙin littafin yana gefe a rufe, kuma na san ko an daɗe sai an buɗe shi.

Ban so in ga wannan ba. Ina ƙarshen benci, kusa da ƙofa. Na ɗauki takalmina a hannu don kada su yi ƙara, na bi ta ɗan filin da Baba ya bari. Ba wanda ya ɗago. Na ratsa ta bayan masu jira, na wuce ɗaki na uku da na biyu, sai da na kai bakin famfo na sa takalmin.